Tsirkiya mai sassauci a jitar kilasik da ta filamenko: wace jita ta dace da ita?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina koyon jitar kilasik mai tsirkiyar nailan, kuma kwanan nan na sayi ta filamenko ta hannu. Duka biyun tsirkiya mai ƙarfin ja ce a kansu, don ita mai shago ya ba ni. Matsalata ita ce, in na danne tsirkiyoyi shida da yatsa ɗaya, ko minti goma ba na yi hannun hagu ya gaji. Wani ya ce in koma mai sassauci, wani kuma ya ce za ta riƙa ziza a kan firet, sautin ma ya mutu. Maganar wa zan ɗauka? Kuma iri ɗaya zan sa wa jitocin biyu? A Kano nake, in hakan yana da tasiri."

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya uku ka dunƙule wuri guda: ko tsirkiya mai sassauci za ta raba ka da gajiyar hannu, me za ka rasa in ka koma mata, da kuma ko abin da ya yi wa jitar kilasik zai yi wa ta filamenko, wato jitar kiɗan gargajiyar nan na kudancin Sifen. Mutanen nan biyu da suka ba ka shawara kowa da gaskiyarsa, sai dai kowannensu jitarsa yake kwatantawa, ba taka ba. Ni kuwa abin da zan fara gaya maka shi ne, bambancin da ke tsakanin mai sassauci da matsakaiciya bai kai yadda sunan yake nunawa ba. Yawancin masu kukan tsirkiya ta yi tauri, in aka sa ma'auni, sai a tarar tsirkiyar ce ta yi nisa da firet, wato ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita. Don haka kada ka taɓa aljihu tukuna.

Mene ne jan tsirkiya

Abu uku ne kawai ke yanke ƙarfin jan da tsirkiya take yi: tsawonta daga ƙashin kai zuwa ƙashin jaki, muryar da aka saita ta a kai, da nauyinta. Jaki shi ne katakon nan da aka manna a fuskar jita ake ɗaure tsirkiyoyi a jikinsa, ƙashin jaki ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kansa ne, ƙashin kai kuma takwaransa da ke ƙarshen wuya wajen kan jita. Tsawon da aka fi sabawa da shi milimita 650 ne, wanda ya kafu tun zamanin Antonio de Torres, maƙerin jitar nan na Almeriya a Sifen da ya rasu a 1892. Murya kuwa ba ta hannun kamfani ba ce: tsirkiya ta ɗaya, wato mafi siranta, dole ta kai muryar E, wato kaɗawa kusan 330 a daƙiƙa, in an saita A a kan 440. To tunda tsawo da murya a tsaye suke, abin da ya rage wa mai yin tsirkiya shi ne nauyi. Mai sassauci ba wani nailan na daban ba ne mai laushi. Siririya ce kawai, ko kuma an rage kaurin wayar da aka naɗe ta da ita, sai ta kai muryar da ake so ba tare da an ja ta sosai ba.

Ka ga misali a jerin Pro-Arté na kamfanin D'Addario, wanda ya fi sauƙin samu a ko'ina. Tsirkiya ta ɗaya a EJ43 mai sassauci kaurinta inci 0.0275 ne, a EJ45 matsakaiciya 0.0280, a EJ46 mai ƙarfi 0.0285. Tsakanin kowane mataki da na gaba da shi bai kai kaurin silin gashi ba. In aka lissafa, daga matsakaiciya zuwa mai sassauci ja ya ragu da kamar kashi 3 da rabi cikin ɗari a wannan tsirkiyar, daga mai ƙarfi zuwa mai sassauci kuma kamar kashi 7. Kowace tsirkiya tana jan abin da ya kai kilo 5 zuwa 8, shidan gaba ɗaya kuma tsakanin kilo 35 da 45, gwargwadon iri.

Yanzu kwatanta wannan da sauran abubuwan biyu. In ka sauke saitin jita da firet ɗaya, E ta koma E mai saukowa, ja yana raguwa da kusan kashi 11 cikin ɗari. Jita mai tsawon 640 tana da sassauci da kashi 3 a kan mai 650, da tsirkiya iri ɗaya. Mai 664 kuwa, irin dogayen nan da gidan Ramírez na Madrid ya yi suna da su, ta fi ta 650 ja da kashi 4 da ɗoriya. Wato mai doguwar jita in ya sa mai sassauci, kusan inda mai 650 yake da matsakaiciya ya dawo. Shi ya sa ya kamata ka auna jitocinka biyu: daga gefen ƙashin kai zuwa tsakiyar firet na 12, ka ninka biyu.

Rubutun fakiti ba ma'auni ba ne

Babu wata ƙa'ida da kamfanoni suka haɗu a kanta ta cewa daga kilo kaza zuwa kaza shi ne mai sassauci. Kowa da mudunsa. Mai sassaucin wani kamfani tana iya kai matsakaiciyar wani, har ta wuce. Hannabach na Jamus suna da matakai biyar a jerin 815, daga SLT mafi sassauci, LT, MT, HT har SHT mafi ƙarfi, kuma makaɗa da yawa suna jin tsirkiyarsu ta fi ta wasu cika hannu a mataki ɗaya. Savarez na Faransa da launin kati suke rarrabewa, farin kati 520B shi ne mai sassauci a tsohon jerinsu. Augustine na Amurka baƙin fakiti ne mai sassauci, jan fakiti matsakaici, shuɗi mai ƙarfi. La Bella suna da jerin 2001, a ciki akwai na kilasik, akwai kuma na filamenko daban, kowanne da matakansa.

Abin dubawa shi ne lambar da aka rubuta a bayan fakiti ko a shafin kamfani, jimillar ja na tsirkiyoyi shida. Wasu da laba suke rubutawa, sai ka raba da 2.2 ka samu kilo. Ka duba kuma a kan wane tsawo suka auna, don lambar da aka samu a kan 650 ba za ta yi daidai da wadda aka samu a kan wani tsawon ba.

Sannan akwai maganar abin da aka yi tsirkiyar da shi, wanda a hannu ya fi matakin ja tasiri. Kafin ƙarshen shekarun 1940 da hanjin dabba ake yin tsirkiyoyi uku na sama, wato sirara masu siririyar murya, na ƙasa masu kaurin murya kuma siliki ne aka naɗe da waya. Albert Augustine ne a New York, tare da makaɗin jita Andrés Segovia, suka kawo nailan ɗin kamfanin DuPont cikin harkar. Daga baya aka samu abin da ake kira kabon, wanda asalinsa dangin robar zaren kamun kifi ne. Kabon ya fi nailan nauyi nesa ba kusa ba, kusan giram 1.8 a inda nailan yake 1.1, don haka ana yin sa siriri, ta ɗaya wajen milimita 0.6 maimakon 0.7. Sautinsa ya fi kaifi da tashi, amma sirantarsa tana cin kan yatsa, kuma yawanci jansa ya fi na nailan ko da an rubuta musu mataki ɗaya. Wanda hannunsa ke ciwo ya sayi kabon wai don an rubuta matsakaici, ya gudu ne bai tsira ba. Akwai kuma Nylgut na kamfanin Aquila a Italiya, wanda aka yi don ya kwaikwayi hanji, nauyinsa tsakanin biyun.

Gargaɗi ɗaya da bai kamata in tsallake ba, tunda a shagunanmu tsirkiyar ƙarfe ta fi yawa: kada ka kuskura ka sa ta a kan ɗaya daga cikin jitocin nan, ko da an rubuta mata mai sauƙi. Saiti ɗaya na ƙarfe yana jan kilo 70 ko fiye. Jitar nailan ba a gina ta don wannan ba, jaki zai ɗago, fuska ta kumbura, wuya ya lanƙwashe.

Gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo

Na farko ma'auni ne. Nemi rula ta ƙarfe wadda milimitarta ta fara daga baki. Riƙe jitar yadda kake kaɗa ta, kada ka kwantar da ita, ka ɗora rular a kan firet na 12, ka karanta tazarar da ke tsakanin saman firet da ƙasan tsirkiya. A jitar kilasik abin da aka saba shi ne milimita 4 a tsirkiya ta shida, 3 a ta ɗaya. A ta filamenko kuwa wajen 3 ne a ta shida, 2.5 a ta ɗaya, wasu ma ƙasa da haka. In ka tarar taka ta kilasik tana 5 ko fiye, ka ga mai laifi. Ko wace tsirkiya ka sa, yatsanka sai ya yi wannan doguwar tafiyar kafin ta taɓa firet. Gyaran a ƙashin jaki yake, kuma lissafinsa biyu da ɗaya ne: in kana so tazara ta sauka da rabin milimita a firet na 12, sai a goge milimita ɗaya daga ƙasan ƙashin. A ƙasa ake gogewa, a kan sanfefa da aka shimfiɗa a wuri mai santsi kamar gilashi, don gindin ya zauna daram. In gindin ya yi doro, sauti yana zurarewa. Ka ja layi da fensir kafin ka fara, kuma ka tabbata bayan gogewa ƙashin zai rage aƙalla milimita 1.5 zuwa 2 a saman katako, in ba haka ba tsirkiya ba za ta danna shi da kyau ba. In babu sauran ƙashin da za a goge amma tazara tana nan, wuyan ne ya taso, wannan kuma aikin mai gyara ne.

Ka duba ƙashin kai ma, don shi ne ke wahalar da mai danne tsirkiyoyi shida a firet na ɗaya da na biyu. Danna tsirkiya a firet na uku, ka leƙa tsakaninta da firet na ɗaya. Ɗan haske kaɗan ya kamata ka gani, kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. In katin banki zai shiga, ramukan ƙashin ba su yi zurfi ba. Jitoci masu araha da yawa haka suke fitowa daga masana'anta.

Gwaji na biyu shi zai nuna maka yadda mai sassauci za ta zauna a jitarka tun kafin ka saya. Sauke duk tsirkiyoyin da kake da su yanzu da firet ɗaya, ka bar su su zauna na ɗan lokaci, ka sake saitawa, sannan ka yi kwana biyu ko uku kana kaɗawa a haka. Tunda taka mai ƙarfi ce, ragin kashi 11 ya kai ka inda mai sassauci take, har ya ɗan gota. Abin lura uku ne. In hannunka ya huta kuma babu ziza, mai sassauci za ta yi maka. In ya huta amma ta huɗu da ta biyar suna dukan firet duk sanda ka ɗan ƙara ƙarfi, matsakaiciya ce taka. In kuwa gajiyar tana nan yadda take, to ba tsirkiya ba ce, ko saitin jitar ne ko yadda kake dannawa. Masu koyo da yawa suna matse wuyan jita tsakanin babban yatsa da manuni kamar filaya, alhali ɗan nauyin hannu daga kafaɗa da ɗora gefen manuni dab da firet sun isa.

Ribar da hasarar a jitar kilasik

Tsirkiya mai sassauci tana ba da kai. Hannun hagu ya fi samun sauƙin dannawa, girgiza murya da yatsa ya fi fitowa, haɗa murya biyu da bugun yatsan hagu ya fi santsi. A hannun dama kuma tana amsa ɗan taɓi, kuma launin sauti ya fi sauyawa tsakanin kusa da jaki da kusa da ramin fuskar jita. Hasararta ita ce tana da iyaka. Tsirkiya marar ja sosai tana lilo da faɗi, in ka matsa mata don ka ƙara sauti, maimakon ya ƙaru sai ta fara marin firet. Haka nan saurin dawowarta wurinta bai kai na mai ƙarfi ba, mai gudu da yatsu biyu zai ji kamar tana bin yatsansa. Wata matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce ta daidaiton murya: da yake ba ta da tauri, in ka danna da ƙarfi ko ka ɗan ja ta gefe, muryar tana hawa. Wanda ya saba da mai ƙarfi yakan yi mako ɗaya yana zargin tsirkiyar da ƙarya, alhali yatsansa ne bai rage ƙarfi ba.

Batun cewa sauti zai mutu kuwa, jita ce ke yanke hukunci. Fuskar jita kamar fatar ganga take, tana da jan da ya dace da ita. Jita mai kaurin fuska da nauyin jiki, kamar yawancin na masana'anta masu kaurin fenti, tana son tsirkiya mai nauyi kafin ta motsa, in aka sa mata mai sassauci sai ta yi sanyi. Mai siririyar fuska kuwa, wadda aka yi da hannu bisa tsarin Torres da 'yan sandunan nan bakwai da ke bazuwa a ciki kamar mafici, sau da yawa mai ƙarfi tana shaƙe ta. A sassauta mata sai ka ji ta buɗe, ƙasan ya yi zurfi, murya ta daɗe kafin ta ɗauke. Ga yadda za ka gane: kaɗa tsirkiya ta ɗaya a firet na 7 zuwa na 12, murya ɗaya-ɗaya, da saitinka na yanzu da kuma bayan ka sauke. Ka sa wani ya tsaya taku biyar a gabanka ya saurara, ko ka ajiye waya tana ɗauka a wuri ɗaya, don abin da mai kaɗawa yake ji a bayan jita ba shi ne ke fita gaba ba.

Akwai jitocin da ba a ma tambaya a kansu. Tsofaffi na ƙarni na 19, irin na maƙera Lacôte a Faris ko Panormo a Landan, da kwafinsu, don hanji aka gina su, mai sassauci ce abincinsu. Haka duk jitar da fuskarta ta fara kumbura a bayan jaki tana lotsawa a gabansa. Amma in ka tura takarda a ƙarƙashin bayan jaki ta shige, manne ya saki ke nan, kuma sassauta ja ba ya mayar da manne. A kwance tsirkiyoyin a kai gyara.

Ta filamenko lissafinta daban

A nan ne maganar mutuminka na biyu ta fi ƙarfi. Jitar filamenko an gina ta ne tsirkiya tana kwance dab da firet, kuma dab da fuska. A bakin jaki tazarar tsirkiya da fuska wajen milimita 7 zuwa 9 ce, ta kilasik kuwa 10 zuwa 12. An yi haka ne don yatsa ya kai ga buga fuska, abin da suke kira golfe, shi ya sa ake manna mata roba mai kare katako. Jikinta ma ba nauyi, musamman fara wadda aka yi bayanta da gefenta da katakon sifires. Sautin da ake nema mai tashi ne nan take ya mutu nan take, da ɗan kaushi a ciki. Wato 'yar zizar da mai kilasik yake gudu, a filamenko gishirin miya ce, muddin ba ta cinye muryar ba.

To haɗa tazara ƙarama da tsirkiya mai faɗin lilo da hannun dama mai duka, ka ga inda za a je. A rasgiyado, inda yatsu ke watsuwa ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiyoyi, mai sassauci tana da daɗi, farce yana ratsa ta ba tare da ta riƙe shi ba, ba ta kuma cin farce kamar mai ƙarfi. Amma a fikado, gudun nan na manuni da na tsakiya, da kuma aikin babban yatsa a tsirkiyoyin ƙasa, ana son abin da zai tsaya wa yatsa ya turo shi. In ta yi lakwas, gudun yana cakuɗewa, muryar ta koma ƙara. Shi ya sa za ka tarar makaɗan filamenko da yawa a kan matsakaiciya suke, wasu ma mai ƙarfi, duk da jitarsu ta fi ta kilasik sauƙin dannawa. Sauƙin daga tazara ya zo, ba daga tsirkiya ba. Mutanen Sifen suna da kalma ta musamman ga wannan jin da jita ke ba hannun dama, fulsasiyon, kuma ga maƙera jita abu ne na ginin jitar kanta: jita biyu masu tsawo ɗaya da tsirkiya ɗaya, wata tauri wata laushi, saboda yadda fuskar kowacce take ba da kai.

Kada ka manta da kafo, abin nan da ake matsewa a wuyan jita ya danne tsirkiyoyi shida a firet ɗaya. A filamenko kusan kullum yana kan wuya, a firet na biyu, na uku ko sama, don a bi muryar mawaƙi. Kafo ba ya sauya ja, amma yana gajarta abin da ke lilo, sai tsirkiya ta ƙara tauri a hannun dama, tazara kuma ta ragu a hagu. Don haka in da kafo kake yawan kaɗawa, da shi za ka yi gwajin. Mai sassaucin da ta yi maka lakwas a buɗe tana iya zama daidai a firet na uku.

Da ni ne kai, ta filamenkon matsakaiciyar nailan zan fara sa mata, in saurara mako biyu. Sai in jitar ce mai taurin fuska, ko tazararta ta haura 3, sannan in gwada mai sassauci. Ta kilasik kuwa, bayan an gyara tazara, EJ43 ko makamanciyarta gwaji ne mai araha, kuma ga mai shekara biyu da fara koyo ba abin kunya ba ne. Wannan ra'ayin cewa mai ƙarfi ta gwanaye ce, magana ce ta shago.

Ba dole shidan su fito daga fakiti ɗaya ba

Sau da yawa mafita tana cikin haɗe-haɗe. Ziza ta fi fitowa a uku na ƙasa, zafin yatsa kuma ya fi zuwa daga uku na sama, don haka ana iya sa na ƙasa matsakaita ko masu ƙarfi, na sama masu sassauci. Kamfanoni da kansu suna sayar da rabi-rabi, wasu ma da saitin da aka riga aka gauraya.

Tsirkiya ta uku, G, ita ce 'yar rigima. A nailan kaurinta ya ɗan haura milimita ɗaya, kuma jan da take yi bai kai na 'yan'uwanta biyu na sama ba. A saiti mai sassauci takan yi dum-dum kamar an toshe mata hanci, tsakaninta da ta huɗu a ji rami. Maganin da aka saba shi ne a musanya ita kaɗai da ta kabon, wadda kaurinta bai kai 0.9 ba. Bayan kowane sauyi ka gwada gaskiyar tsirkiya: taɓa ta sama-sama a kan firet na 12 ka kaɗa, sannan ka danna a wurin ka kaɗa. Muryoyin biyu su zo ɗaya ko dab da haka. In tsirkiya ɗaya ce tak ta kauce sosai, kaurinta ne bai daidaita ba daga masana'anta, ko kuma jabu ce, don jabun manyan kamfanoni sun yi yawa a kasuwa. Sauya ta kawai.

Wajen ɗaurawa

Siririyar tsirkiya ta fi saurin zamewa daga ƙulli, kuma in ta zame tana kan ja, bakinta yana zabga wa fuskar jita bulala a bayan jaki, tabon ba ya fita. Kafin ka fara, manna ɗan kwali a bayan jakin da salatif marar ƙarfi. Na ƙasa uku zagaye ɗaya ya ishe su, muddin wutsiyar ta danne a bayan kusurwar katakon, ba a samansa ba. Ta biyu da ta uku a murɗa sau biyu, ta ɗaya sau uku. In kabon ce, kusantar da bakinta ga wutar ashana nesa da jita har ya narke ya yi ɗan kai kamar na allura, shi zai hana ta sulluɓewa. A wajen kai kuma zagaye uku ko huɗu a kan abin naɗi ya wadatar, yawan naɗi yana ƙara kwanakin da za ta yi tana sauka.

Nailan yana miƙewa. Na ƙasa sukan zauna cikin kwana ɗaya ko biyu, na sama su kai mako. Kada ka riƙa fizgar na sama da hannu don su yi saurin zama, hakan yana sa wani wuri ya fi wani siranta, daidaiton murya ya lalace. Ka yi ta saitawa kana kaɗawa kawai. Kuma kada ka yanke wa sabon saiti hukunci a ranar farko, ba shi mako biyu. Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ka goge ƙashi ka sauya tsirkiya rana ɗaya ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Na ƙasa, da yake zaren nailan ne aka naɗe da tagulla mai ruwan azurfa, su ke fara mutuwa, gumi yana baƙanta su, ta huɗu kuma ita ce mai yawan tsinkewa a inda take gogar firet. Ana iya sauya na ƙasa sau biyu kafin a taɓa na sama.

Daga nesa ba zan iya jin jitarka ba, lambobin nan mafari ne, kunnenka da rularka su za su ƙarasa. Haka nan gajiya daban, ciwo daban. In akwai zafi a wuyan hannu da ke kwana, ko yatsu suna mutuwa, ko kana jin suka kamar ta allura, ajiye jitar ka ga likita, wannan ya wuce shawarar mai tsirkiya.

Kano kuwa tana da tasiri

Katakon jita an fi haɗa shi a inda danshin iska yake kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Da hunturu iskar Kano tana bushewa ƙasa da haka sosai. Fuskar jita sai ta tsuke ta lotsa, jaki ya sauka tare da ita, tazara ta ragu, bakin firet ya fara kartar hannu a gefen wuya. Da damina kuma fuskar ta sha danshi ta taso, tazara ta ƙaru. Wato jitar da ta zauna lafiya da mai sassauci a watan Agusta tana iya fara ziza a Janairu ba tare da ka taɓa komai ba, kuma wanda ya goge ƙashinsa da damina har ya kai ƙarshe, da hunturu zai yi da-na-sani. Ta filamenko ta fi shiga wannan haɗarin, don tazararta ba ta da rara.

Ka riƙa ajiye su a cikin akwatinsu a rufe. Da hunturu sa soso mai ɗan danshi, wanda aka matse har ba ya ɗiga, a cikin robar sabulu da aka huda wa murfi, ka ajiye a wajen kan jitar, kana duba shi duk bayan kwana biyu. Kada ka bar su a mota ko kusa da taga mai rana, zafi yana sassauta manne. Sannan ka sa mai gyara ya yanka maka ƙashin jaki biyu ga kowace jita, ɗaya ya fi ɗaya tsayi da milimita ɗaya. Dogon na hunturu ne, gajeren na damina. Rubuta musu alama da fensir a gindi, kuma ka lura da gefen da ke fuskantar tsirkiya ta shida kafin ka zare, don in ka juya shi tazarar za ta koma baibai.